Ranar da Baba Ya Koya wa Liman Satar Banki

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin banki. Abin da ya fito da shi: gida mai ɗaki uku a Kubwa, ciwon baya, da wani agogon bango da suka ba shi ranar bankwana, wanda tun da aka rataye shi bai taɓa faɗin gaskiya ba. Cikin waɗanda suka fara aiki tare, wasu suna Maitama, wasu suna gidan yari, akwai ma wanda ya ɗanɗana duka biyun. Shi kuwa yana Kubwa yana musu da mai ruwa a kan ko jarka ta cika.

Ritaya ba ta karɓe shi ba ko kaɗan. Mutumin da ya saba fita tun duku-duku don ya riga cunkoson hanyar shiga gari, sai ga shi da yini guda cur, ba inda za shi. Watan farko ya gyara duk wani famfo da ƙofa a gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Wata na biyu ya shiga kicin ya fara tambayar Mama dalilin da ya sa man gyaɗa ke ƙarewa ranar Laraba alhali Asabar aka sayo. Mama ta ajiye ludayi ta ce masa, cikin ladabi, ko dai ya nemi abin yi a waje, ko ita ta nemi motar Zariya.

Ana cikin haka Allah ya kawo mafita. Aka yi wa ma'ajin masallacin layinmu canjin wurin aiki, daidai lokacin da jama'a suka fara tara gudummawar sake rufi, don in ana ruwa sahun farko komawa yake na uku. Liman da bakinsa ya tare Baba bayan sallar asuba ya ce, "Malam, ai ba sai mun yi dogon nema ba, ga ka. Damina na ɗaukewa kwamiti zai zauna a tabbatar."

Baba bai taɓa cewa yana so ba. Irin mutanen nan ne da in ka miƙa musu nama sai sun ce sun ƙoshi sau biyu kafin su karɓa. Amma daga ranar ya daina shiga kicin. Ya fito da kaftanan da ya jingine ya kai guga, in zai tafi masallaci yana ɗaga kai yana duban rufin nan kamar shi ya haife shi. Kujerar ba albashi, ba ko lemo, sai zagin masu ba da naira ɗari suna neman bayanin dubu. Amma ni na san ubana. Ita ce kaɗai wurin da ya rage inda abin da ya iya zai yi wa wani amfani, kuma ita ke tashinsa da safe.

Ni na kawo fitinar gidan, gara in faɗa tun yanzu. Lokacin ina aiki a wani kantin magani a Wuse, abokan aikina ba su da hira sai ta wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Labarin wani shugaban banki ne da ke wawure kuɗin jama'a, da wata jami'ar bincike mai tabarau da ta rantse sai ta ga bayansa. Na kunna sau ɗaya don kada a bar ni a baya. Gidanmu ne kaɗai mai sola a layin, saboda haka kafin kashi na uku falonmu ya zama gidan kallo.

Masu kujerar dindindin su uku ne. Akwai Liman, wanda ya ce yana zuwa ne don ya san irin ɓarnar da zai yi wa'azi a kanta. Duk sanda sakatariyar shugaban bankin ta shigo da siket ɗinta da bai kai gwiwa ba, sai ya kawar da kai ya yi a'uziyya, amma ban taɓa jin ya tambayi abin da ya wuce shi ba, wato dai babu abin da ya wuce shi. Akwai Alhaji mai kayan gyaran mota a kasuwar Gudu, mutum mai fara'a da tumbi, wanda ke sayar da na Chana da sunan tokumbo, wato gwanjon Turai, kuma da rantsuwa. Sai maƙwabcinmu na baya, wani dattijon Gbagyi, Kirista, wanda a hannunsa Baba ya sayi filin gidan. Mai Doya muke ce masa. Ba ya jin Turancin shirin sosai, amma tun kashi na farko ya nuna wani mai baƙar kwat da sandarsa ya ce, "Wannan mutum, ita ne ɓarawo." Sai a kashi na tara masu shirin suka yarda da shi. Ni da Mama kuwa muna bakin ƙofar kicin, muna kallon talabijin da masu kallonta.

Shirin fa ya iya ƙarya mai daɗi. Ɓarayin ciki ba sa sata sai sun kashe fitilar ofis sun tsaya jikin taga suna kallon gari da kofi a hannu. A danna kwamfuta sau huɗu, wani koren layi ya fara tafiya, ana kiɗa mai tayar da hankali, yana kaiwa ƙarshe biliyan ta bar ƙasar. Jami'ar nan tana gudu da takalmi mai tsini, ba ta taɓa turguɗewa ba. Rannan ta taso daga Nyanya da safiyar Litinin ta iso tsakiyar gari kafin mai laifi ya gama shan shayi. A nan ne Alhaji ya ce duk ƙaryar baya ya haƙura, amma wannan rainin hankali ne.

Kowa yana jin daɗinsa ban da Baba. Shi tsaki yake yi. Mutum ɗaya ya buɗe ma'ajiyar kuɗi da makulli ɗaya, tsaki. Manaja ya sa hannu da jan biro, tsaki. Mama ta taɓa ƙirga goma sha bakwai a zama ɗaya, ban da na lokacin talla. Amma bai taɓa fashin Lahadi ba, kuma shi ke riƙe rimot.

Ranar da abin ya faru ana yayyafi, Mama ta kawo dafaffiyar gyaɗa. Shugaban bankin ya zare wani ɗan abu kamar yatsa daga jikin kwamfuta ya jefa a aljihu, wai kuɗin 'yan fanshon jiha guda ne a ciki. Baba ya ce, "Shirme." Alhaji ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, kai dai ka ce hassada. Mutum ya yi a minti biyu abin da ka kasa a shekara talatin. Ka yini cikin kuɗi ka kwana cikin kuɗi, ka dawo mana da motar da sai an tura."

Aka yi dariya, har da Liman. Baba ma ya yi murmushi, amma irin na dole. Raina ya ɓaci. Ina da wannan halin, ba na iya barin magana ta wuce a kan nawa. Na so mutanen nan su san tsohon da suke wa dariya ya fi su sanin duniya, sai na ɗaga murya na ce, "Baba, to in da gaske ne, ya ake yi?"

Mama ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta makara. Baba ya kashe muryar talabijin, ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Da farko dai," in ji shi, "ɓarawon banki na gaske ba ya sauri, kuma ba ya taɓa kuɗin mutumin da ke duba wayarsa kullum. Asusun da ya yi barci yake nema. Tsohuwa ta rasu a ƙauye, 'ya'yanta ba su san tana da ajiya ba. Ɗan kasuwa ya yi hatsari, iyalinsa ba su san bankinsa ba. Kuma ba ya kwasa, tsakura yake yi."

Ya bi abin daki-daki. Ya ce aikin mutum uku ne: mai shigarwa, mai amincewa, da na ukun da za a aika sayo abinci a daidai lokacin, wanda har ya mutu ba zai san da shi aka yi ba. Ya faɗi dalilin da ya sa masu binciken da ake turowa daga hedikwata ba sa ganin komai in aka fara da kai su cin abinci. Wallahi ban taɓa ganin fuskar ubana tana haske irin na ranar ba. Hannuwansa na yawo a iska, muryarsa ta koma ta ɗan shekara arba'in. Tun da ya yi ritaya ba wanda ya tambaye shi komai sai ina makullin get.

"To ya ake gane shi?" in ji Alhaji, gyaɗa a hannu ya manta bai kai baki ba.

"Ba a gane shi, abin ke nan. Waɗannan na talabijin masu gidan bene da zinare a wuya, mako biyu za su yi a kama su. Na gasken ba ya canza mota. Takalminsa ɗaya shekara biyar. Shi ke fara gaishe ka, yana sahun farko a masallaci, kowa na cewa bawan Allah. Babbar alamarsa guda ce: ba ya son tafiya hutu, don kada wani ya zauna a kujerarsa ya jawo durowa."

Falon ya yi tsit. Duk wanda ke zaune a wurin ya sha jin Baba yana alfaharin cewa sai da takardar gargaɗi ake tura shi hutu, kuma kwana uku yake yi ya koma. Takalminsa kuwa yana nan bakin ƙofa, kowa sai da ya tsallake shi ya shigo. Ya zana hoton kansa tsaf, shi kaɗai ne bai gani ba.

Liman ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "To Malam, a misali, irin kuɗin masallaci fa? Shi ma ana iya yi?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya kawo wani abu, ko tsawa, ko baƙo, ko 'yar ƙaramar gobara.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Baba. "Akwatin taimakon da ke bakin ƙofa, wa yake ganin cikinsa kafin a buɗe? Mai kwanon rufi ya ba ka rasit biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na kwamiti. Kafinta ya ce ƙusa ta ƙare, wa zai hau sama ya duba? Yadda kuke tafiyar da abin nan yanzu, ni nan a wata uku zan cinye rabin rufin, ku kuma ku tara jama'a ku yi mini addu'ar Allah ya saka da alheri."

Ya ɗaga yatsa zai ci gaba. Na san abin da ke tafe: zai ce, saboda haka ga yadda za a toshe. Duk wannan shimfiɗa ce kawai. Sai ladan ya kwaɗa kiran magariba. Liman ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe da kwanon gyaɗa, Alhaji ya bi bayansa. Baba ya mayar da hularsa, ya dube mu yana murmushi ya ce, "Yau dai sun ƙaru."

Sun ƙaru kam. Lahadi ta gaba mutum goma sha ɗaya suka zo, kuma rabinsu ba talabijin suke kallo ba. Duk sanda aka yi wata sata a shirin sai kawuna su juyo wajen Baba, a ji ko ta yi daidai. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, yana ta ba da maki. Mai shagon layinmu, wanda shekara goma yana bar wa Baba makulli in zai je Katsina, wannan karon ya ce ƙaninsa zai riƙe.

Sai matar Alhaji ta zo gaida Mama, ba ciwo ba haihuwa. Ta zauna a falo idonta na yawo. Ta tambayi nawa ake haɗa irin wannan sola yanzu. Ta yaba firji. Ta ce ai ni ma makarantar kuɗi na yi ko, ma sha Allah, da albashi kawai, Allah mai iko. Da za ta tafi ta riƙe hannun Mama a bakin get ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ake faɗa ba, ta ma gaya wa duk wadda ta gamu da ita cewa ba ta yarda ba.

Mama ta rufe get ta juyo kaina. "Kin ga abin da bakinki ya jawo? Mutum yana zaune lafiya da tsakinsa, kin je kin kunna shi." Gaskiya ta faɗa. Muka yi shawarar a gaya masa, sai dai babu wadda ta iya. Ta ina za ka fara gaya wa mutumin da bai taɓa dawowa gida da biron ofis ba cewa unguwa ta gama yanke masa hukunci?

Shi kuwa yana teburin cin abinci da tabarau, kwana huɗu yana rubuta rabin karatun da magariba ta katse. Shafi uku, kowace magana da lambarta: kada a buɗe akwati sai gaban mutum uku, kada a fitar da ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu, mai sayo kaya daban, mai biya daban, ma'aji kansa a sauya shi duk shekara biyu. Ya sa na buga masa a wurin aiki, ya kai wa Liman a ambulan. Kafin yamma labari ya zaga cewa har littafi ya rubuta a kan abin.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa, shi ma ba ya cikin masu zaɓe. Mai Doya ya tare Alhaji a bakin get ɗinmu, ina jin su ta taga. "Ku mutane, kanku ba daidai ba," in ji shi. "Ni na san duk hanya da ɓarawo yana bi ta shiga gona. Na san lokaci, na san wane gefe za ta fara tona. Shi ya sa doyana yana nan. Wanda bai sani ba, shi ne ana kwashe masa." Alhaji ya ce ai ba wanda ya ce Malam ya yi wani abu. Mai Doya ya ce, "To me ya sa kana magana ƙasa-ƙasa?"

Ni ma na gwada. Na je gidan Liman da sunan kai wa matarsa maganin hawan jini, na tsugunna na gaishe shi a baranda, na ce, "Allah gafarta Malam, maganar Baba ce. Ni na tambaye shi, laifina ne." Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi har ga Allah bai zargi kowa ba. "Amma 'yata, sadaka da natsuwar zuciya ake ba da ita. Mutum zai sa hannu a aljihu, sai ya tuna an ce wata uku. Kin gane? Shi Alhaji da ake maganar a ba kujerar, bai san komai a harkar nan ba, shi ya sa hankalin jama'a ya kwanta da shi." Na so in tambaye shi ko ya taɓa sayen birki a wurin Alhaji, sai na tuna a tsugune nake. Na yi godiya na tashi.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa Mama ba. Duk wannan kai-komon da nake yi ina kare shi, wani abu ya riga ya shige ni. A motar Kubwa, ana tsaye a cunkoso, sai in tsinci kaina ina maimaita tambayoyin matar Alhaji. Makarantar nan da na yi, da me aka biya? Shekarar da aka yi wa Mama aiki a asibitin kuɗi fa? Hasken da na gani a fuskarsa yana bayani, na mai sani ne kawai, ko na mai tuna wani abu? In kori tunanin da istigfari, kafin mu wuce Gwarimpa ya dawo. Wata uku ina kallon shirin da duk mai kama da waliyyi a ciki shi ne uban tafiyar, ga ubana da bakinsa ya ce haka abin yake.

Wata Asabar ya tafi ɗaurin aure Suleja, Mama tana kasuwa, na shiga ɗakinsa. Yana da wata durowar ƙarfe mai hawa uku, biyun sama ba ya kulle su. Na jawo. Fayil-fayil ne a jere, kowanne da suna a goshi cikin kyakkyawan rubutunsa. Na zauna a ƙasa na shiga buɗawa, na zama jami'ar bincike a ɗakin ubana, saura tabarau.

Na samu komai. Sola daga kuɗin sallama ce. Aikin Mama, ƙungiyar ma'aikata ce ta taimaka, aka yi ta yanka a albashinsa. A fayil ɗin makarantata kuwa takardar cinikin gona na gani, gonar da ya gada a wajen mahaifinsa a Zariya, wadda tun ina ƙarama yake cewa can zai koma ya shuka masara ya huta da hayaniyar Abuja. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ya daina zancenta ba. An sayar da ita saura mako biyu in fara karatu. Na mayar da komai na rufe, na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata. Kunya ce ta fi yawa a ciki, amma na ji sauƙi ma, kuma sauƙin ne ya fi ba ni kunya.

Damina ta ɗauke, kwamiti ya zauna bayan la'asar, aka ba Alhaji ma'aji. Shafi ukun nan kuwa aka karɓe su kaf, aka karanta wa jama'a a matsayin sabon tsarin da kwamiti ya fito da shi bayan dogon nazari. Don kada a ce an watsar da dattijo, aka ƙirƙiro wa Baba muƙami: shugaban kula da wurin alwala. Butoci ashirin da biyu da tsintsiya.

Ya dawo ya yi sallama kamar kullum, ya ce, "Alhamdulillahi, an sauke mini nauyi." Mama ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta shige kicin ta fara buga tukwane. Ya cinye tuwonsa tas. Washegari ya fita da bokiti, kuma tun da aka gina masallacin nan wurin alwalarsa bai taɓa ganin tsafta irin wannan ba. Bai tambayi kowa dalili ba. Na ɗauka har yanzu bai gane ba, na ce to, wannan ma rahama ce.

Lahadin kashin ƙarshe ba wanda ya zo. Liman yana da ta'aziyya, Alhaji ya haɗa tasa sola, Mai Doya yana gona. Mama ta ce ita ta gama da shirin da ya ci mata mutunci, ta tafi islamiyya. Saura ni da shi. Ya ce, "Uwata, kunna mana mu ga yadda za su ƙare." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Jami'a ta kewaye gidan shugaban banki da motoci, ana ta jiniya, sai aka tafi talla, wata mata tana rawa da ledar garin sabulu. Baba ya rage murya. Idonsa na kan talabijin ya ce, "Fayil ɗin makarantarki bayan na asibiti yake zama, ba gabansa ba."

Na buɗe baki zan ce takardar haihuwata na je nema, bai ba ni damar ba.

"Kin samu abin da kike nema?"

"Ban samu komai ba, Baba."

"To madalla." Ya ajiye rimot. "Na su Liman bai dame ni ba. Su jiya suka san ni, kuma kuɗin jama'a ne, dole su ji tsoro. Ni na yi wauta, na daɗe da ganewa."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya sa hannu a aljihun kaftani ya ciro wani ɗan makulli, ya ajiye a hannun kujera, tsakanina da shi.

"Hawan ƙasa a kulle yake, ba ki samu dubawa ba. Fayil huɗu ne a ciki, har da na filin gidan nan. Ki ƙarasa, kada sauran ya riƙa damunki."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da ma gatsen ne, da na ji dama. Da gaske yake, shawara yake ba ni irin ta wanda ya san aiki. Aka dawo daga talla, aka fito da shugaban banki da ankwa, 'yan jarida na ta haska shi, ni ban ga komai ba sai ruwa-ruwa. Ban ɗauki makullin ba, shi ma bai mayar aljihu ba. Muka zauna da shi a tsakaninmu har rana ta yi ja, sannan ya miƙe yana dafa baya, ya ce bari ya je ya cika butoci kafin jama'a su taru.